Shawara: 'Yata Na Kuka a Kan Ɓeran Kanti, In Saya Mata Ko In Bari?

Assalamu alaikum Anti, ina yi miki fatan alheri. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Birmingham a ƙasar Ingila. Ki yi haƙuri da tambayata, na san wasu dariya za su yi. Mun yi wa 'yata mai shekara 12 alkawarin dabbar da za ta riƙa kula da ita in ta yi ƙoƙari a makaranta, ta kuwa yi. Babanta ya ce ban da kare, ni kuma gashin kyanwa na tayar mini da asma. Sai yarinya ta ce ɓera take so, irin farare da masu dabbare-dabbaren da ta gani a gidan ƙawarta. Da na ji sai da tsigar jikina ta tashi. Amma alkawari kaya ne, ranar Asabar muka je wani babban kantin dabbobi. A cikin akwatin gilashi akwai 'yan ƙanana da yawa suna wasa, ɗaya ya raɓe a lungu yana ta atishawa, hancinsa kamar da jini. Tun daga nan take kuka, wai shi za mu saya mu cece shi. Uwar ƙawar tata, Baturiya ce, ta ce kada mu kuskura, wai irin waɗannan kantuna daga manyan gidajen kiwo suke sarowa inda ake azabtar da su, kuma duk wanda ya saya ya taya su zalunci. 'Yata ta ce to barinsa ya mutu fa, shi ba zalunci ba ne? Na rasa amsar da zan ba ta. Maigidan ya ce duk abin da na yanke shi ke nan. Anti, in mun saya mun yi laifi? In mun bari fa? Ga kuma surukata, ban san abin da za ta ce ba ranar da ta hango keji muna gaisawa ta bidiyo.

Daga wata uwa a Birmingham

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana ita, ya bar mata wannan taushin zuciya. Yarinyar da ta tsallake masu ƙiba da tsalle-tsalle ta kafa ido a kan wanda ya raɓe a lungu, ba yarinyar da za a yi wa tsawa ba ce.

Amsata ita ce kada ki saya a wannan kanti, ko da shi mai atishawar ne. Amma kada ki ce mata a rabu da shi kawai, domin akwai abin da za ku yi masa wanda ya fi saye amfani, zan zo kansa. Kafin nan akwai maganar da kika yi ta kewayewa a wasiƙarki ba ki fito da ita fili ba: shin ɓera zai shiga gidanki ma tukuna?

Tsigar jikinki ba a banza ta tashi ba. Mu mun taso ne ɓera abokin gaba ne, ya huda buhun hatsi, ya tauna littafi, ya gwaguyi ƙafar mai barci. Ga zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, har yau duk rani sai an ji labarinsa. Ta wannan fuska ki kwantar da hankalinki. Mai ɗauke da Lassa wani jinsi ne daban, na Afirka, mai nonuwa da yawa. Wanda kika gani a kanti kuwa jikan ɓeran kwatar Turai ne da aka shafe fiye da shekara 150 ana kiwonsa a keji. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani mai kamun ɓera a Landan, Jack Black, mai tutiyar cewa shi ke kama wa Sarauniya Victoria ɓeraye. In ya ci karo da mai launi na daban sai ya ware shi, ya bar shi ya hayayyafa, ya sayar wa masu sha'awa. A hankali abin ya zama kiwo sosai, har tun 1976 masu yinsa suke da ƙungiyarsu ta ƙasa, National Fancy Rat Society.

Ta fuskar addini, ni ba malama ba ce, amma ba zan ɓoye miki ba. Akwai ingantaccen hadisi da ya lissafa ɓera cikin dabbobi biyar masu ɓarna da aka halatta kashewa ko a Harami, kuma da shi malamai da dama suke kafa hujja su hana ajiye shi. Ki sa maigida ya kai maganar gaban malamin da kuka yarda da shi, ya bayyana masa cewa haifaffen keji ne, ya kuma haɗa da batun fitsarinsa a tufafin salla, don ɓera na ɗiga fitsari a kan abin da ya taka, har da kafaɗar mai shi. A yi wannan tambaya kafin a sayi keji. In malam ya ce a'a, ko ke da kanki kika ji ba za ki iya cin abinci a gida ɗaya da shi ba, ki faɗa wa yarinya gaskiya tun yanzu, ku koma kan zomo ko ɓeran Masar. Sauran maganata ba za ta canza ba, domin su ma na irin waɗannan kantuna hanya ɗaya suke biyowa.

To, maganar Baturiya. A kan inda ake samo su, gaskiya ta gaya miki. Kantin da kullum akwatinsa cike yake da 'yan ƙanana, rani da hunturu, ba a bayan kanti ake haifarsu ba. Sari yake yi, shi kuma mai ba shi sarin sai ya riƙa fitar da ɗaruruwa a kai a kai, a farashi mai rahusa, kafin ya ga riba. Halittar ɓera kuwa ta sauƙaƙa masa aikin. Macen na iya ɗaukar ciki tun tana da mako biyar zuwa shida a duniya. Cikin kwana 21 zuwa 23 ne. Haihuwa ɗaya takan zubo 'ya'ya 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. Sannan cikin kwana guda da haihuwa tana iya sake ɗaukar wani cikin in namiji na tare da ita. Mai kiwon kirki raba su yake yi, ya bar ta ta shayar, ta yaye, ta murmure, kuma da wuya ya bar ta ta haihu fiye da sau biyu a rayuwarta. Mai kiwon sari ba ya cire namijin. Tana shayar da goma, wasu goman na ciki, haka wata bayan wata har jikinta ya gaza, sai a kawar da ita a sa wata.

In kin taɓa shiga gonar kajin ƙwai a gida, irin wadda ake jera keji bisa keji, kin gane inda na dosa, sai dai na ɓeraye ya fi matsi. Robobi ne marasa zurfi da ake jawowa a mayar, an jera su hawa-hawa a jikin ƙarafa, da ragar waya a sama. A kan ragar ake zuba dunƙulen abinci su riƙa gwaguya ta ƙasa, ruwa kuma ta siririn bututu yake zuwa. Ba wurin hawa, ba wurin ɓuya. A wasu wuraren ma tsayin robar bai isa ɓera ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya ba, alhali dabba ce mai son hawa da tono da leƙe-leƙe. Ma'aikaci aikinsa ya jawo roba, ya kwashe matattu, ya ƙirga 'ya'ya, ya mayar, ya wuce ta gaba. Ba mai lokacin ɗaukar jariri a tafin hannu ya saba da mutum, shi ya sa na kanti da yawa suke tasowa da tsoron hannu, wasu har da cizo. Ba kuma mai rubuta cewa uwar wannan da ƙari ta mutu, kakan wancan da ciwon huhu, balle a daina haɗa su. Sau da yawa ma gona ɗaya ce ke fitar da na kanti da na abincin macizai, waɗanda ake kashewa a daskarar a sayar wa masu kiwon mesa. Mai kyan launi ya tafi akwatin gilashi, ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya tafi firiza.

Ba ƙirƙirar masu tausayin dabbobi ba ce. A watan Disambar 2009 hukumomi suka kai samame wani kamfanin sarin dabbobi a garin Arlington na jihar Texas, suka kwashe dabbobi fiye da 26,000, da yawansu a galabaice, wasu sun riga sun mutu. A 2016 kuma binciken ɓoye da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta yi a wata gona a jihar Pennsylvania ya sa manyan kantunan Amurka da ke saye a wurin suka yanke hulɗa da ita. Waɗannan su ne mafi muni, ba kowace gona ce ta kai su ba. Amma ko wadda take wanke robobinta kullum, ba ta da yadda za ta sayar da ɓera da arha haka in ba ta matse uwar da 'ya'yan ba. Dokar Ingila ma ta san matsalar, rabi kawai ta gyara. Tun watan Afrilun 2020 an hana kantuna da dillalai sayar da 'yan kwikwiyo da 'yan kyanwa da ba su kai wata shida ba, sai dai mutum ya je wurin wanda uwar take hannunsa, ko gidajen da ke karɓar dabbobin da aka yasar. Ɓera da zomo da sauran ƙanana ba su shiga cikin dokar ba.

Wani zai ce, to ɓera ne fa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago suka kulle ɓera a cikin matsattsen bututu, suka saki abokin zamansa a waje. Na wajen ya yi ta kewaya har ya koyi buɗe ƙofar ya fito da shi, kuma da aka ajiye masa cakulan a wani bututun, yakan buɗe duka biyun, sau da yawa ya rage wa ɗan'uwan nasa. Mu kuwa ba sai Chicago ta gaya mana ba, mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Halatta kashe mai ɓarna daban, azabtar da wanda ka tsare da hannunka daban.

Mu dawo kan ɗan lungu. Abin da kuka gani a hancinsa da wuya ya zama jini. Wani jan ruwa ne da ke fitowa daga bayan idon ɓera ya gangaro ta hanci, kuma yawansa alama ce ta ciwo ko takura. Atishawar kuma galibi ta ciwon numfashi ce. Kusan duk ɓerayen kiwo na ɗauke da wata ƙwayar cuta, maikoplazma, tun daga uwa, tana kwance a jiki har sai cunkoso ko warin fitsari ko wahalar tafiya a mota sun tashe ta. Magani yana kwantar da ita, amma ba ya raba shi da ita har abada. Duk wanda ya ɗauko shi ya ɗauko zirga-zirgar likitan dabbobi, kuma ganin likita sau ɗaya ya fi kuɗin ɓeran nesa ba kusa ba. Ga wani abu kuma da ba a gaya wa mai saye: maza da mata sukan zo a gauraye, ko ma'aikacin kanti ya yi kuskuren tantancewa. Mutane da yawa sun sayi mata biyu, bayan mako uku suka wayi gari da keji cike da jajayen jarirai.

Duk wannan bai amsa tambayar 'yarki ba, kuma kada ki raina ta, ita ce mai wuyar. Ga shi a gabanta tana ganin haƙarƙarinsa na ɗagawa, su kuwa na gona labarinsu kawai aka ba ta. Kowane mai zuciya abin da idonsa ya gani yake fara ji. Amma ki zaunar da ita ku yi lissafin inda kuɗin zai tafi. Kanti bai san dalilin da ya sa kuka saya ba. Abin da na'urarsa za ta nuna shi ne an sayar da ɗaya, saura kaza. Mai kula da kaya ya duba ya ga ɓera na tafiya, sai ya ƙara oda. Gurbin da ɗan lungu ya bari, kafin wata ya zagayo an cike shi da wani, wanda uwarsa ke can cikin roba da sabon ciki. Ƙari a kan haka kun nuna wa kantin cewa mara lafiya ma yana da kasuwa, ba sai an kashe kuɗin likita a kansa ba, wataƙila ma ya fi saurin tafiya tunda yana sa yara kuka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gona da mai kanti ba za su daina ba muddin kuɗinmu na kiransu.

Na san za a ce, ɓera ɗaya, fam kaɗan, wace gona ce za ta rufe don kun ƙi saye? Babu, wannan gaskiya ne. Ba kuma zan ce miki wanda ya saya ya ɗauki alhakin duk abin da ake yi a gonar ba, a nan Baturiyarki ta ɗan zafafa. Mafi yawan masu saye ba su san komai ba, sun ga abin sha'awa ne suka biya, kuma wanda ya riga ya saya ba abin da ya rage masa sai ya riƙe amana, ba a ce ya mayar ba. Amma ke yanzu kin sani, kuma kina da wata hanyar da ba ta fi wannan wahala ba. Da babu ita, da sai mu tsaya auna wanne ya fi nauyi. Tunda akwai, ban ga abin da zai sa ki miƙa kuɗinki ga sana'ar da ke kanki ba za ki iya tsayawa ki kalli yadda ake yinta ba.

Ga abin da za ku yi masa. Ku koma kantin ke da ita, ki nemi manaja, ba yaron da ke kan kanta ba. Cikin ladabi ki nuna masa ɓeran, ki ce yana buƙatar likita. Doka na goyon bayanki. Ƙa'idojin lasisi na 2018 sun wajabta wa duk mai sana'ar sayar da dabbobin gida a Ingila ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, ya kafa shi inda za a gani, kuma duk dabbar da ya fitar don sayarwa ta kasance mai lafiya. An hana shi sayar da wadda aka yaye kafin lokacinta, dole ne kuma ya ajiye rajista mai ɗauke da sunan wanda ya kawo masa dabbobin. Ki tambaye shi daga ina suke zuwa, kuma makonsu nawa, daga yadda zai amsa za ki gane irin wurin da kike. Ki ɗauki hoton ɓeran. In kun dawo bayan kwana biyu yana nan yadda yake, ki rubuta wa sashen lasisi na ƙaramar hukumarku, su ne masu ikon turo mai dubawa, kuma ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ma tana karɓar irin wannan ƙorafi. Ki bar yarinyar ta rubuta wasiƙar da kanta, ke ki sa hannu. Ƙorafin da ya kawo mai dubawa duk 'yan akwatin zai amfana, har da waɗanda za a kawo wata mai zuwa.

Wasu kantunan, in dabba ta yi ciwo ko ta girma ta ƙi sayuwa, sukan cire ta daga kasuwa su bayar da ita riƙo, kyauta ko da ɗan abin da za a jefa a asusun agaji. In manaja ya yi muku wannan tayi bayan likita ya gan shi, kuma ku kun riga kun shirya, karɓa ba laifi, don a littafinsu asara ce, ba ciniki ba. Sai dai keji da abinci da shimfiɗa ki saya a wani wurin, domin dama ribar tana jikinsu fiye da jikin ɓeran. Kuma ki shirya zuciyar yarinya tun a mota: kuna iya zuwa ku tarar ba ya nan, ko an saya, ko ya mutu. In haka ta faru kada ki ƙirƙira mata labarin cewa ya samu gida mai daɗi. 'Yar shekara 12 ta san ƙarya in ta ji ta, kuma gobe ba za ta ƙara kawo miki irin wannan tambaya ba.

Kada kuma a gudu daga kanti a faɗa hannun duk wanda ya sa talla a intanet ya ce nasa kiwon gida ne. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Akwai masu robobi jere a gareji da suka iya ɗaukar hoto a kan tattausan bargo. Gida ma ba shi ne tabbacin lafiya ba. A 2017 cutar Seoul, wadda ɓera ke ɗauka ba tare da ta nuna a jikinsa ba, ta ɓulla a Amurka ta hannun masu kiwon gida a jihohin Wisconsin da Illinois, aka tabbatar ta kama mutum 17. Mai kiwon kirki ba shi da wuyar ganewa. Zai bar ki ki shiga ki ga uwar da inda take kwana. Zai gaya miki abin da ya kashe kakanninsu ba tare da kame-kame ba. Ba zai ba ki ɗan ƙasa da mako shida ba, ba zai ba ki guda ɗaya tilo ba, kuma zai ce in kun gaza ku dawo masa da su. Yawanci sai kin jira watanni a layi, kuma tambayoyin da zai yi miki sun fi waɗanda za ki yi masa, har ki ji kamar 'yarsa kika zo nema wa ɗanki. Wanda ya ce ki turo kuɗi ku haɗu a tashar jirgin ƙasa da kwali, ki bar masa kayansa.

Ni dai da za ki bi tawa, gidan riƙo za ku je, wato inda ake karɓar dabbobin da aka yasar a nema musu sabon gida. RSPCA da Blue Cross da Woodgreen duk suna bayar da ƙananan dabbobi, akwai kuma ƙananan gidajen riƙo na 'yan sa-kai da ɓeraye kawai suka sa a gaba. Ki gaya wa 'yarki su wane ne a can: da yawansu 'ya'yan waɗancan matan kanti ne da aka saya da ciki ba a sani ba, wasu kuma yara ne suka gaji da su bayan wata biyu. In ceto take so, ga masu jiran ceto nan, kuma kuɗin da za ku bayar ba zai sa a haifi ko ɗaya ba, gurbi zai buɗe wa wani da aka yasar. Manya ma suna da fa'idarsu ga mai farawa, don an riga an san halinsu, wanne ke son hannu, wanne ke cizo. Su ma za su nemi ganin hoton keji da girmansa kafin su ba ku.

Sai ki san abin da kike shiga. Ɓera ba ya zama shi kaɗai, kaɗaici na karya shi, don haka aƙalla biyu ne, duk maza ko duk mata, uku ma ya fi saboda ranar da ɗaya ya mutu. In an ba ku ɗan lungun, sai ya yi mako biyu a ɗaki daban kafin a fara haɗa shi da wasu. Keji dogo suke so mai hawa-hawa, ba ɗan akwatin da ake sayarwa da su ba, da fitowa wasa kamar awa guda kullum, da shara duk mako. Shimfiɗar takarda ta fi dusar katako, ƙurarta na tayar musu da ciwon numfashi, kuma ke mai asma wannan ya shafe ki, don wasu mutanen jikin ɓera da fitsarinsa ma suna tayar musu da ita. A wanke hannu bayan an taɓa su. In ya ciji wani sannan zazzaɓi ko ƙuraje ko ciwon gaɓɓai suka biyo, a je asibiti a kuma ambaci ɓeran, akwai zazzaɓin cizon ɓera, yana jin magani in an kama shi da wuri. In akwai ɗan ƙasa da shekara 5 a gidan, ko kina da juna biyu, a ɗage maganar gaba ɗaya. In gidan haya kuke, ki duba takardar haya. Ki kuma tambayi kanki wa zai riƙe su in kun tafi Kano dogon hutu, don ba maƙwabcin da za ki ƙwanƙwasa wa ƙofa da kejin ɓeraye ya karɓa da fara'a.

Shekara biyu zuwa uku suke yi a duniya, matan kuma ƙari yakan fito musu a jiki in sun fara manyanta. Kafin 'yarki ta kai 15 za ta binne su. Ba dalilin hana ta ba ne, amma ta ji shi daga bakinki yau.

Maganar maigida kuma, cewar da ya yi duk abin da kika yanke, Allah ya saka masa, amma zamewa ce, kada ki yarda ya bar miki kayan ke kaɗai. A dokar kare dabbobi ta 2006, ba a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 16 dabba shi kaɗai, kuma alhakin dabbar yaro a wuyan babban da ke kula da shi yake. Kuɗin likita daga aljihun gidan zai fito. Ku zauna ku uku a yanke, kowa ya ji da kunnensa wa zai yi shara, wa zai kai asibiti. Hajiya kuma ɗanta ne zai gaya mata, da bakinsa, kafin ta gani da idonta, ba ke ba. Za ta yi salati, za ta yi faɗa, amma faɗan da za ta yi wa ɗanta ba irin wanda za ta ƙullace ki da shi ba ne. Kejin ya zauna a ɗakin yarinya, nesa da kicin da wurin salla.

Kafin a cike takardar neman riƙo a ko'ina, in malam bai hana ba, ki roƙi Baturiyar ta ba ku aron nata daga Juma'a zuwa Lahadi, da kejinsu da komai. Yarinya ta yi sharar da hannunta, ta ji warin, ta ji ƙarar da suke yi da dare don galibi da rana suke barci. Ke kuma ki shiga ɗakin ki zauna, ki ga yadda ƙirjinki zai yi, ki daure ki bari ɗaya ya hau hannunki. In Litinin ta yi kowa na nan a kan bakarsa, ku nemi gidan riƙo mafi kusa da ku. In abin ya gagara, ku tambaye su zomaye, su ma biyu-biyu ake riƙonsu, kuma sun fi ɓera buƙatar fili, don haka sai an auna bayan gida tukuna.